Lambun Zamani na Mainasara Masinja

A shekarar nan da sabulu ya ɓuya, shinkafa ta zama sai an bi layi, rediyo kuma kullum tana cewa kowa ya tsuke bakin aljihunsa, a shekarar ne Mainasara ya dawo Tungar Ɗantani daga Boɗinga, akwatin ƙarfe a ka, 'yar jaka a hammata. Shekara tara ya yi yana masinja a wani ofishin gona. Aikinsa ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da sayo wa manya goro. Da aka tashi rage ma'aikata, sunansa ne na biyu a takarda.

Amma da ya zauna gindin dogon yaro a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba haka ya ba da labarin ba.

"Kora? Ni?" Ya gyara zaman hula. "Turo ni anka yi. Manya sunka zauna, sunka ce mutanen ƙauye na cikin duhu wajen noma, wa za mu aika shi buɗe musu ido? Baki ɗaya anka ce Mainasara."

Mode na gefe yana gyaran igiyar guga. Mode manomin albasa ne, maƙwabcinsa ne darni ɗaya, kuma taubashinsa ne, don haka duk abin da ya zo bakinsa zai yaɓa masa, ba mai cewa ya yi rashin kunya.

"To ina motar da anka turo ka da ita?" in ji Mode. "Mu dai bayan akori-kura munka ga ka sauko, kai da awaki."

"Motar na gareji."

"Allah sarki. Ita ma an rage ta?"

Aka kwashe da dariya. Mainasara ma ya ɗan yi, irin ta babban mutum da yara ke wasa a gabansa.

A gida kuwa ba abin dariya. Ruwan bara ya ɗauke da wuri, rumbu ya kusa zama fanko. Matarsa Hasiya da 'yan matansu uku, Zulaihatu da Altine da 'yar auta Safiyya, miyar kuka suke sha safe da yamma har sun manta kalar tumatir. Abu ɗaya Mainasara ya sa wa ido. Akwai wata 'yar fadama a bayan gari, mai ita ya tsufa ya koma wurin ɗansa a Sakkwato, ya bar ta a hannun Magaji, mai garin. Ƙasa ce baƙa wuluk, ka haƙa kamu biyu ka tarar da ruwa. Duk wanda ya same ta, gidansa ya yi sallama da yunwa rani da damina. Mode ya riga ya roƙa. Mainasara ya zura rigar sallarsa, shi ma ya je ya faɗi gaban Magaji.

Magaji ya daɗe yana kallon hannuwan da aka shimfiɗa a gabansa.

"Mainasara, tahin hannun ga naka ya hi na jinjiri laushi. Yaushe rabonka da hauya?"

"Ranka shi daɗe, noman yanzu ba da hannu a ka yin shi ba. Da nan a ka yi." Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Shekara tara ina kwana ina tashi cikin ilimin gona. Akwai fayil ɗin da ni ɗauka ya hi sau ɗari."

"Madalla. To ga bazara ta kama, kuma kana da hili bayan ɗaki. Gyara shi, ka yi muna lambu kamin ruwa shi sauka. Juma'a ukku na ba ka, in taho in gani da idona. In ya yi, hwadama taka ta. In bai yi ba, Mode na nan."

"Allah shi ja zamaninka! Ranar da kag gani, da kanka za ka ce a kira mai hoto."

Duk makamin Mainasara wani ɗan littafi ne da ya tsinta ranar da aka kwashe sharar kabad a ofis. Da Turanci aka rubuta shi, shi kuwa a aji uku ya ajiye firamare, amma wannan bai dame shi ba, tun da littafin cike yake da hotuna. A shafin farko ga wani Bature da gajeren wando da malafa, yana murmushi gaban wasu tudun ƙasa dogaye masu kusurwa huɗu, ganye ya rufe su shar.

Abin da ya fara yi, ya ƙara wa darnin bayan ɗaki zana har ya fi tsawon mutum, ya bi duk wata kafa ya toshe da tsumma.

"Kada Mode shi sace min dabara," ya ce wa Hasiya.

Sannan ya ciro gajeren wandon kakinsa na masinja ya sa, ya ɗora malafa, ya kafa turaku ya ja igiya daga kudu zuwa arewa, don a hoton akwai wata kibiya da ta nuna haka. Ya kama shebur ya fara tara ƙasa.

Hasiya ta leƙo da muciya a hannu. Ita 'yar masu lambu ce, tun tana goye take ganin ana ban ruwa.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Hwangali."

"Hwangali ƙasa shi ka yi, ba sama ba. Rami a ka yi mai baki, ruwa shi kwanta ciki shi jiƙa iri. Wanga tudu naka, da zahin ga, mi za shi riƙe?"

"Ke kin hi Bature sani?"

"Shi Baturen da guga shi ka jawo ruwa nai?"

"Koma ga tuwonki, Hasiya. Wagga maganar masu ilimi ta."

Tudun farko da ƙarfin zuciya ya yi shi, dogo, mai kyau. Da ya gama, tafin hannu ya yi bororo, baya ya ƙi miƙewa. Saboda haka na biyu ya rage masa tsawo, na uku ya ƙara ragewa, na huɗu kuwa ɗan mitsitsi. Ya ce haka tsarin yake. Ya shafe su da bayan shebur sumul-sumul, ya soka sanda ya zuba irin kuɓewa da yakuwa da tumatir da alayyafo, ya tura su can ƙasa kusan kamu guda, wai kada kaji su tone.

Washegari 'yan mata suka yi ta jido daga rijiya, shi yana tsaye yana kwarawa. Ruwa ya sauka kan tudu, ya gangaro ta gefe, ya haɗu ya yi 'yar hanya, ya bi ƙarƙashin darni ya shige gidan Mode. Tulu takwas haka.

Can sai ga murya ta bayan zana.

"Taubashi! Allah shi saka da alheri! Ashe haka noman zamani yake, mai lambu shi ja ruwa, maƙwabci shi sha? Jakina na gaishe ka."

"Gwaji ni ka yi!"

"A ci gaba da gwaji. Gobe a ɗan karkato shi wajen gindin lemuna."

Haushi ya sa Mainasara ya juya a fusace, ya yi karo da Altine, tulun kanta ya faɗi ya rabe biyu. Hasiya ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Dama shi ni ka nema."

Ya ɗauki rabin tulun ya dasa a wannan ƙarshen tudu, ɗaya rabin a wancan, ya zuba ruwa ciki wai ya riƙa tsatsafowa a hankali. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya shiga madafa ya kwaso duk wata tsohuwar tukunya mai tsaga, ya ƙarasa fasa su, ya yi wa sauran ukun haka.

Hasiya ta ja da baya ta dube su a jere, dogo ɗaya, gajeru uku. Ta tofar da yawu.

"A'uzu billahi. Malam, ka ko san da mi abin ga yay yi kama?"

"Na sani. Da ci gaba."

"Ba shi ni ka nuhi ba. Don Allah tsaya nan inda nike ka duba."

"Hasiya, tuwo."

Kwana tara ana ban ruwa, ko ciyawa ba ta leƙo ba. Mainasara ya koma ga littafi. A wani shafi ya ga hoton saniya, da ƙashi, da gwangwani mai jan abu a ciki, da kibiya ta nuna ƙasa. Ya buga cinya.

"Taki! Ƙasar ga yunwa ta ka ji."

"Ba ita kaɗai ba," in ji Hasiya daga ɗaki.

Ranar kasuwar Shagari ya ari keke ya nufi wurin mahauta, ya roƙi abin da suke zubarwa: jini da dattin tumbi da ƙasusuwa, buhu biyu. Mahauta suka ba shi har da godiya, ɗaya ma ya taya shi ɗaurewa. Ya kamo hanya, ƙuda na masa rakiya ta sama, karnuka uku ta ƙasa. Wajen Mandera wata tsohuwa ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Bawan Allah, ko mi kaka da shi cikin buhun ga, ya riga ya cika, ka kai shi gida a hankali." Ya ɗaga mata hannu kamar mai amsa gaisuwa.

Yana isa ya buɗe cikin kowane tudu ya cusa, ya mayar da ƙasa ya shafe.

Ranar bazara ta yi aikinta. Kwana biyu tsakani, wari ya tashi wanda ko kaji sai da suka ƙaurace wa bayan ɗaki. Rana ta uku ungulu ɗaya ta sauka kan darni, ta duba, ta tafi ta kira 'yan uwanta.

Hasiya ta ɗaure kaya.

"Ɗiyana sun kasa cin tuwo. Safiyya amai ta ka yi tun jiya. Za mu Lambara wurin yayata. In lambunka ya gama ruɓewa ka aiko."

"Warin taki na, Hasiya. Warin arziki."

"To ka shaƙi arzikinka kai ɗaya."

Ana idar da sallar asuba suka bi ta ƙofar baya, ba wanda ya gan su. Mainasara ya ji daɗin haka, kada a ce matar jami'in gwamnati ta yi yaji.

Da gida ya zama ba kowa, karnuka suka samu sake. Sau biyu yana iske sun fara tono. Ya ɗauki gatari ya saro ƙayar magarya, ya shimfiɗa kan kowane tudu, ya jera ta tsaf, ya ɗora duwatsu. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ko Baturen littafi bai yi wannan tunanin ba.

A masallaci ya lura mutane sun fara bar masa fili a sahu, hagu da dama. Ya ɗauka girmamawa ce.

"Mainasara, lahiya gidanka?" in ji Ummaru ladan. "Kwana ukku ba a ga ɗiyanka rijiya ba. Ga ungulu sun tare maka bisa darni."

"Lahiya lau. Sirrin aiki na. Ran Juma'a kowa shi gani."

Ranar Alhamis da hantsi, ana gobe Magaji zai zo, Mainasara na durƙushe gaban babban tudun, daga shi sai gajeren wando da malafa, yana leƙe ta cikin ƙaya ko zai ga ɗan kore ko ɗaya. Sai ya ji sallama a tsakar gida. Nan take ya gane muryar. Goggo Kaltume ce, uwar Hasiya, ta taso daga Boɗinga ganin jikoki.

Shekara goma sha biyar da aure, Mainasara bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba. Bai taɓa kai loma baki ko ya kurɓi ruwa a gabanta ba. In zai gaishe ta, daga bayan ƙofa yake durƙusawa, cikin babbar riga, murya ƙasa-ƙasa. Yau kuma ga shi gwiwoyi a waje, cibiya a waje. Ya dubi hagu, zana. Ya dubi dama, zana. Shi da hannunsa ya toshe ko'ina. Takun tsohuwa na matsowa, tana cewa, "Hasiya? Ke Hasiya! Wane irin wari na haka gidan ga?"

Ba abin da ya rage sai rumbu. Ya kama ya haye, ya ture murfin ciyawar, ya zurma ciki, ya jawo murfin ya rufe. Nufinsa ta leƙo ta ga ba kowa ta koma ɗaki, shi kuma ya lallaɓa ya sa riga ya zo ya yi gaisuwa yadda ya kamata.

Ya ji takun ya tsaya. Ya ji shiru. Ya ji ƙwarya ta faɗi, daddawa ta watse. Sannan aka kurma ihun da sai da ungulu suka tashi sama.

"Wayyo Allahna! Hasiya! Zulai! Altine! Wayyo Safiyya 'yar autata! Babba guda, ƙanana ukku! Jama'a ku taho, an ƙarar da ni!"

Mainasara ya manna ido a wata 'yar tsaga ta jikin rumbu, ya dubi aikinsa daga inda baƙo zai dube shi. Tudu huɗu a jere, kudu da arewa, fasasshiyar tukunya a kai da ƙafa, ƙaya a bisa, ƙuda na shawagi. Kaburbura sak.

"Af," ya ce a ransa.

Ya yunƙura zai fito, ya tuna da gwiwoyinsa, ya koma ya tsuguna.

Kafin a ɗauki lokaci an ture zanar da ya sha wahalar kafawa. Mata suka cika wurin, kowace ta leƙa sai ta ɗora hannu a ka.

"Sanƙarau na, da zahin ga."

"Shi yas sa yat toshe ko'ina."

"Ni dama tun da ni ga ungulun nan jikina yab ba ni."

Maza suka biyo baya, sai Liman, sai Magaji da sandarsa, ya zo ganin lambu kwana ɗaya kafin ranar da ya sa. Mode ya kutso yana danne dariya.

"Ku dakata, jama'a. Lambu hwa yac ce shina yi. Ni kaina na sha ruwan shi."

Goggo Kaltume ta ɗago daga ƙasa, ɗankwali a hannu.

"Lambu? Ni ɗiyar mai lambu, matar mai lambu, za ka hwaɗa wa lambu? Ka taɓa ganin lambu da kai da ƙahwa?"

Magaji ya zagaya tudun sau ɗaya, ya girgiza kai.

"Lambu ƙasa shi ka yi. Wanga ba lambu ba na."

"Ni abin da ad dame ni," in ji Liman, "wa yay yi musu wanka? Wa yay yi musu salla? Mutum shi ruhe iyali nai shi kaɗai kamar mai ɓoye rogo?"

Mode zai sake magana ke nan, sai wani jan kare da ya samu ƙofa a buɗe ya sulale ta ƙarƙashin ƙaya, ya tona gefen babban tudun, ya jawo wani dogon ƙashi ya fita da shi a guje. Dariyar Mode ta ɗauke ɗif.

"La'ilaha illallahu. Taubashi, har abin ya kai haka?"

Goggo Kaltume ta zube, aka yi ta yayyafa mata ruwa. Samari suka bi kare da jifa har ya yar da ƙashin.

"A nemo min Mainasara duk inda yake," in ji Magaji. "Ummaru, ka shirya keke, 'yan sanda za ka kira. Kamin nan, Malam, a yi wa bayin Allah ga addu'a."

Gari duka ya durƙusa, aka ɗaga hannuwa. Mainasara na cikin rumbu, gumi na bin bayansa, yana jin ana roƙa wa kuɓewarsa gafara, ana roƙa wa alayyafonsa sauƙin kwanciya. Duk da halin da yake ciki, sai da ya lura cewa ba a taɓa yin lambun da ya tara mutane haka ba a Tungar Ɗantani. Yana cikin wannan tunani ƙaiƙayin gero ya shige masa hanci. Ya danne. Ya matse da yatsu. Ya cusa malafa a fuska. Ina!

Atishawar ta fashe cikin rumbu kamar an buga ganga. Kuma saboda sabo, bakinsa ya suɓuce.

"Alhamdu lillahi."

"Yarhamukallahu," in ji Liman, shi ma saboda sabo.

Sai kowa ya juya yana kallon rumbu.

Mode ne ya haye ya ture murfi, ya zura hannu ya kamo kunne. Mainasara ya fito fari fat da ƙurar gero tun daga gira har gwiwa. Mata suka watse, wata ta bar takalmi. Yana dira ƙasa ya hangi Goggo Kaltume ta farfaɗo tana kallonsa. Ya fizgi zanar da aka ture ya naɗe jikinsa da ita, ya durƙusa ya juya mata baya, malafa kawai ake gani.

"Mainasara," in ji Magaji, "ina iyalinka?"

Aka ji wani gunaguni daga cikin zana.

"Ɗaga murya!"

"Ranka shi daɗe, Goggo na nan."

"Kunyata kaka ji?" in ji tsohuwa. "Kunyata? Ka ruhe min ɗiya da jikoki bayan ɗaki, ka sa musu tukunyar miya, sannan kunyata kaka ji? Ku sake ni!"

Mata uku na riƙe da ita, Ummaru ya riga ya ɗora ƙafa kan feda, sai aka yi sallama daga zaure. Hasiya ce, ƙunshin kaya a ka, Safiyya a hannu, Zulaihatu da Altine a baya. Ta tuna gobe ce ranar Magaji, ta ce ko ba komai ta zo ta share tsakar gida kada a ga ƙazanta.

"Wai wa yam mutu garin ga? Tun bakin gari kowa yag gan ni sai shi zubar da kaya shi ruga."

Mutane suka dare mata hanya, har da masu tofa addu'a a ƙirji. Mode ne ya fara samun bakinsa.

"Ke ta."

"Ni? Yaushe?"

"Ga ki can kwance, babban. Mun ma yi miki addu'a, kuma wallahi ta yi kyau."

Goggo Kaltume ta taso ta shafa fuskar 'yarta, ta ja kunnen Zulaihatu ta ji ta yi ƙara, ta ƙirga jikoki da yatsa har sau biyu. Ta rungume su ta sake sabon kuka. Da ta gama ta cire takalmi ta nufi zana, da ƙyar aka tare ta. Wani ya kawo ƙashin da kare ya yar, Mode ya juya shi ya ce in dai wannan ƙafar Hasiya ce, to Hasiya na da kofato.

Magaji ya ja gefen rawani ya rufe hanci, ya sa aka ɗage ƙayar ƙaramin tudun, ya tona da sanda. Can ƙasa ya tono 'yan ƙwayoyin kuɓewa, sun kumbura sun yi baƙi cikin jini.

"Wanga shi na lambun?"

"Ranka shi daɗe," in ji zana, "ai gobe munka yi da kai. Yau Alhamis."

"Ko Juma'ar baɗi ni taho, abin da za ni ishe ke nan. Hwadama ta Mode ta."

Hasiya ta dubi rumbun da aka bari a buɗe, wanda namiji ya shiga ya tsuguna ya samu wuri har ya rage, ta sunkuyar da kai. Mode ya ga inda ta duba. Ya sosa ƙeya.

"Ranka shi daɗe, hwadamar ga ta hi ƙarhin mutum guda. Na bar wa gidan taubashi kusurwar gabas. Amma Hasiya ka cewa a yi kaza, shi guga kawai za shi ja. In ni ga littahin nan bakin hwadama, jakina za ni ba shi ci."

Duk wannan abin da ake yi, Liman bai ji ba. Yana can yana zagaya sauran tudun uku, yana auna su da taki, yana ɗaga kai yana duban gabas.

"Magaji, taho ka gani. Dubi kusurwa, kamar da wuƙa anka yanka. Dubi alƙibla, ko ni ban hid da ita haka sai na dubi rana. Dubi yadda anka jera ƙaya. Shekara nawa ina hwama da samarin garin ga, kullum su yi min kabari karkatacce kamar kunyar dankali?"

Magaji ya duba, ya gyaɗa kai, gemunsa na rawa.

"Gaskiya ta, Malam. Mainasara, daga yau kai ka kula muna da makabarta."

Malafa ta ɗan ɗago.

"Ranka shi daɗe, da naɗi?"

"Da shebur."

Aka ce dariyar da aka yi ranar har Dandin Mahe an ji ta.

Kwana biyu bai fito ba. Rana ta uku bayan la'asar sai ga shi gindin dogon yaro, cikin rigar salla, ya nemi wuri a tsakiya ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Sannu Sarkin Makabarta," in ji Mode. "Ya jama'arka? Ba su da ƙorahi?"

"Kai dai noma albasarka. Wa yas san ka in ba masu miya ba? Ni kuwa dut garin ga, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, har shi Magajin, Allah shi daɗe da rai nai, ƙarshenta hannuna za ku biyo."

"In kuma kai kar riga mu hwa?"

Mainasara ya cire hula ya juya ta, fuskarsa ta canza, abin ya taɓa shi da gaske.

"Wallahi, Mode, abin da ka damuna ke nan. Kowa shi samu mai kyau, ni kaɗai za a yi wa karkatacce."